Rajistar Harajin Marigayi Yayana

Saƙon ya shigo ina zaune a zaure ina tsintar dabino, ina ware masu tsutsa a gefe. Daga kamfanin kasuwar intanet ɗin da muke sayar da kaya a cikinta ne. Ya fara da gaisuwa cikin ladabi, ya ambaci sunan yayana cikakke har da na mahaifinmu, ya yi masa fatan yana cikin ƙoshin lafiya. Sannan ya sanar da shi cewa duk mai sayar da kaya a kasuwar dole ya tura lambar harajinsa da shaidar rajistar harajin VAT kafin wata ya ƙare, in ba haka ba a rufe masa shago. A lokacin damina ta biyu ke nan tana sauka a kan kabarin Yaya.

Ba zan rubuta sunansa a nan ba. Ni ma ɗan Innata ne, akwai abin da ko ba ka so sai ka tsotse shi a nono.

Yaya ne ya buɗe shagon, tun ina karatu a Kafin Hausa ina yi masa dariya. Shago ne da ba shi da ƙofa balle rumfa, a cikin waya yake zaune. Ya sayo dabino a gonakin nan na Dutse, ya karɓo zuma wurin dangin Inna a wajen Buji, ya kai wa matan Ringim zare su ɗinka masa huluna, ya haɗa da turaren wuta, ya ɗauki hoto ya ɗora. Mutanen da bai taɓa gani ba, daga Legas, daga Fatakwal, daga Abuja, su zaɓa su biya. Abin da ya fi tafiya shi ne man shanun Inna, wanda take soyawa da albasa ta ɗura a kwalabe. Duk wanda ya ji daɗin kaya sai ya ba shagon tauraro, Yaya kuwa yana lallaɓa taurarin nan kamar yadda kakanmu yake lallaɓa shanunsa. Dariyata ta tsaya ranar da na gane man shanun nan ne yake riƙe da karatuna.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi. Ya kwanta kamar wasa, muna ta jiƙo da ƙwayoyin kemis, muna cewa gobe in bai sauka ba a tafi asibiti. Da hantsi ya cika, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta. Ba likita, ba takarda, ba wanda ya rubuta komai a ko'ina. Haka muke yi, kuma bai taɓa zo mini a rai cewa akwai abin da ya rage ba a yi ba.

Inna ba ta yi kuka ba. Wanda bai san mu ba zai ce ba ita ta haife shi ba. A ruga ta tashi, can bayan Buji, Yaya kuma ɗan farinta ne. Tun da aka raɗa masa suna ba ta taɓa furta shi ba. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda ya zauna, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya shigo sai ta ce wa iska, "An dawo?" In ta zuba masa abinci ta ajiye a ƙofar ɗakinsa ta ce, "A zo a ci." In tana ba wani labarinsa, "wancan" ne sunansa. Akwai wani mai injin niƙa a unguwarmu mai irin sunan Yaya, shekara da shekaru Inna tana tsallake shi ta kai niƙanta wata unguwa, don kada wata rana a tambaye ta wurin wa ta kai.

Ni kuwa auta, waɗanda ke tsakanina da Yaya ba su zauna ba, sunana a bakinta yake wuni. Ta kira ni in ɗauko mata abin da ke kusa da ƙafarta. Ta kira ni ta manta abin da za ta ce. Ta kira ni ta zage ni, ɗan banza mai kunnen ƙashi, sannan ta ƙara mini nama. Ina ganin Yaya yana murmushi in tana yi. Ban taɓa tambayarsa me yake ji ba.

Da aka zo rabon gado, Baffa, ƙanin mahaifinmu mai makarantar allo, ya raba babur da tufafi da buhunan dabino yadda shari'a ta ce. Da ya tashi shafa addu'a na ce saura shago.

"Yana ina?" in ji shi.

Na miƙa masa wayar. Ya juya ta ya duba bayanta, ya dawo mini da ita.

"A kasuwar Shuwarin in mai rumfa ya rasu, me ake yi? Ƙaninsa ne yake shimfiɗa buhu ya zauna. Rumfar kuma a ci gaba da kiranta da sunan mai ita har jikoki. Je ka zauna a rumfar ɗan'uwanka."

Maganar ta shige ni, don haka na ga ana yi tun tasowata. Har yau ban ga laifin Baffa ba, ban kuma ga nawa ba.

Sai dai wayar da fuska ake buɗe ta. Na riga na shirya kai ta wurin masu gyara. Ina riƙe da ita a tsakar gida ina kallon baƙin gilashinta, sai kawai ta yi haske ta buɗe. Mutane sun daɗe suna cewa muna kama, ni kuma ina musu, don shi dogo ne mai sanyin hali, ni kuwa kowa ya san zuciyata a kusa take. Wayar ta bi bayan mutane. Na ajiye ta a kan turmi na koma gefe ina kallonta, har ta gaji ta ɗauke haskenta.

Haka na zauna a rumfar. Masu saye suna rubuto wa Yaya, a ƙaro kwalba, a zaɓo dabino mai laushi, hular nan ta yi wa maigida kaɗan. Waɗanda suka saba da shi na gaya musu, suka yi ta'aziyya. Sababbi kuwa na gaji da bayani, mutum man shanu yake so, ba labarin mutuwa ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne har waɗanda suka yi ta'aziyyar sun manta. Akwai wata Hajiya a Fatakwal da ta turo mini doguwar addu'a da muryarta tana kuka. Bayan 'yan watanni ta rubuto da sunan Yaya tana tambayar ya jikin nasa, wai ta ji kamar an ce bai ji daɗi ba kwanaki. Na daɗe ina kallon rubutun. Daga ƙarshe na rubuta mata cewa da sauƙi.

Kamfanin yakan turo mai babur ya karɓi kayan da aka ɗaure ya kai tasha. Na farkon ya san Yaya, har da shi aka ɗauki makara, saboda haka hon kawai yake yi a ƙofa. Sai aka canza shi aka kawo wani dattijo ɗan Ringim, mai furfura a gemu da murya irin ta ladanai. Rana tsaka ya fara zuwa, lokacin da unguwarmu take yin tsit, duwatsu sun sha zafi suna maido shi, ko kaza ba ta motsi. Ina ɗaki, Inna tana tsakar gida tana kaɗa nono a gora. Sai muka ji daga ƙofa:

"Salamu alaikum. Ana sallama da wane."

Sunan Yaya da na mahaifinmu, a hankali, kowane harafi a wurinsa, yadda aka rubuta masa a waya.

Gorar ta tsaya. Ta bayan katanga na ji maƙwabciyarmu tana salati. Ni kaina sai da na leƙo na kalli ƙofar ɗakin Yaya, wadda take rufe da kwaɗo tun da aka share makoki, kuma wallahi jira na yi. Mai babur ya sake kira. Ba wanda zai amsa, sai na ji bakina ya ce, "Na'am, ana zuwa."

Na ba shi kayan a gurguje, na dawo ina faɗa. Na ce zuwan da zai sake yi sai na gaya wa mutumin nan ya daina tayar mana da hankali.

Inna ba ta ɗago ba. "Bar bawan Allah da aikinsa," ta ce. "Abin da aka rubuta masa yake karantawa."

Daga nan na fara lura. Ranar ɗaukar kaya, tun hantsi ta gama shara, ta jawo tabarmarta daga inuwar ɗaki zuwa bakin zaure ta ciki, inda rana take dukanta, wai a nan ta fi ganin tsakuwa a shinkafa. In babur ya wuce a layi sai hannunta ya tsaya. Wata rana na ce bari in gwada. Na kwashi kayan na tare shi a bakin titi, bai ƙaraso gida ba balle ya kira. Da na shigo tana nan zaune. Ta kalli hannuna ba kaya, ta naɗe tabarma ta shige ɗaki. Ranar ba ta ɗora tukunya ba, ta ce kanta ke ciwo. Ban sake tare shi ba.

Matar da ta haife shi ta hana kanta sunansa shekara talatin da wani abu, ga baƙo ya zo yana zuba mata shi a ƙofar gida. Abin ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni tsoro, don ni ne mai amsawa. Tun ina amsawa da nauyin baki har ya zama ko gyangyaɗi nake yi aka kira sai in zabura. Haka muke har saƙon nan na haraji ya shigo.

Abin da na sani game da VAT bai wuce layin nan da nake gani a ƙasan rasiti in na sayi kaya a babban kanti ba. Harajin da aka ba mu labari a gida jangali ne, da yadda kakanmu yake kora rabin garkensa daji in ya ji masu ƙirga sun doso. Inna takan ce a wancan zamanin dagaci ba ya neman harajin wanda ya mutu, don da shi aka binne shi. Na saka rigar Yaya, wata shuɗiya da ta faɗo a rabona, na ɗauki jakar takardunsa, na hau adaidaita zuwa ofishin haraji.

Ma'aikacin da na samu mutum ne mai haƙuri, irin waɗanda suke bayani suna zane da yatsa a kan tebur. Ya ce harajin VAT ba daga aljihuna yake fita ba, na mai saye ne, ni dai in karɓa a kan kuɗin kaya in miƙa wa hukuma. Ya tambaye ni me nake sayarwa. Da na faɗa ya ce ɗanyen kayan abinci irin dabino ba a ɗora musu, hula da turare kuwa ana ɗorawa. Ya ce ƙaramin ɗan kasuwa wanda cinikinsa na shekara bai kai wani mizani ba, ba a ɗora masa nauyin karɓa, amma lambar haraji sai ya mallake ta, kuma kasuwannin intanet yanzu ba sa barin mutum ba lamba.

"Kamfani ne, ko mutum ɗaya?"

Na ce mutum ɗaya ne.

"To, da sauƙi. Mai kasuwanci shi kaɗai, a wurin doka shi ne shagon, shagon shi ne. Ba a raba su. Kawo katin ɗan ƙasa na mai shagon."

Na zaro katin Yaya na miƙa, ina shirya ta inda zan fara bayani. Kafin in buɗe baki ya buga lambar, ya juyo da kwamfutar wajena. Ga Yaya. Hoton ranar da muka je yin katin tare ne, bai yi murmushi ba, idonsa a kaina. Rigar da ke jikinsa ita ce a jikina.

Ma'aikacin ya kalli hoton, ya kalle ni. "Madalla, ga ka har rigar. Ka ɗan rame dai, Malam. Gyara zama."

Fanka tana juyawa a sama tana ƙara. Na ji kamar in na yi jinkiri, mutumin da ke cikin kwamfutar zai riga ni magana.

"Yallaɓai," na ce, "wannan da kake gani yana maƙabarta. Yayana ne."

Ya janye hannunsa daga kan tebur a hankali. Ya yi salati, ya yi mini ta'aziyya, ya sake kallon hoton, ya sake kallona, sannan ya ɗan kautar da kwamfutar gefe.

"A wurinmu yana raye," ya ce. "Ba wanda ya zo ya ce ya mutu. Yaushe rabon shagon da ciniki?"

"Yau da safe."

"Ka gani."

Ya ce ba a yi wa mamaci rajista. Rumfar kasuwa ana gadonta a zauna, amma wannan shagon ranar da mai shi ya rasu shi ma ya rasu. Abin da nake yi tun lokacin kasuwancina ne, sai dai yana sanye da sunan wani. Mafitar ita ce a kawo shaidar rasuwa a rufe nasa, in yi rajista da sunana, in kai wa kamfanin kasuwar su canza. Na ce ba mu da takarda. Ya ce ba mu kaɗai ba ne. In je wurin mai unguwa ya rubuta, daga nan kotu, uwa ko uba su yi rantsuwa. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, Inna ke nan.

Na fito rana ta take. Ban hau adaidaita ba, na samu inuwar wata darbejiya a gindin dutse na zauna ina jin haushin bakina. Da na yi shiru, da yanzu lamba tana aljihuna, shago ya tsira, Inna ta ci gaba da jawo tabarmarta. Kuma ban makara ba, na ji ma'aikacin yana gaya wa wani cewa ana iya fara rajistar ta waya. Na buɗe manhajar kasuwar, wurin da suka ce mai shago ya tabbatar da kansa kafin ya saka lamba. Ta ce in kalli kyamara, na kalla. Ta ce in ƙifta ido, na ƙifta. Ta ce in juya kai dama, in juya hagu, wai don ta tabbatar mai rai ne a gabanta ba hoto ba. Na juya kamar mai sallame salla. Ta ɗan yi tunani, sannan ta fito da koriyar alama, ta gode wa Yaya da sunansa, ta ce ta tabbatar shi ne.

Ba kowa a wurin, ko akuya babu. Duk da haka sai da na waiwaya.

Na iso gida na tarar maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya, suna hira da Inna. Na yi sallama. Inna ba ta ɗago ba.

"An dawo?" ta ce.

Sannan ta juya wajen maƙwabciyar. "Bari in zuba wa wancan abinci, tun safe ya fita."

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Maƙwabciyar ta kalle ni ta yi saurin kawar da kai. Inna ta zuba tuwo ta rufe da faifai, ta wuce ni ba ta kalle ni ba, ta ajiye a ƙofar ɗakina.

"A zo a ci."

Na shiga ɗaki na zauna ina neman ranar ƙarshe da ta kira sunana. Na koma baya na wuce azumi, na wuce kaka, ban same ta ba. Ban ma san lokacin da aka daina zagina ba. Ina ta jin daɗi wai na girma an fara ganin mutuncina, ashe ba ni ake girmamawa ba. Waya ta yarda ni ne shi, ofis ya yarda, mai babur ya yarda, duk wannan zan iya haɗiyewa. Amma ban yarda uwata ta rasa ɗa ɗaya ta kuma binne ɗayan da ransa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban san wanda zan yi fushi da shi ba. Na cire rigar na jefa ta bayan ƙofa, na ci tuwon ba riga.

Washegari na kira kamfanin. Bayan an yi ta miƙa ni daga wannan murya zuwa waccan, wata mata ta ce za su mayar da shagon sunana, har taurarin za su bar mini, in na kawo takardar rantsuwa da sabuwar lambata. Ta ce komai zai canza, har abin da ke fitowa a wayar mai ɗaukar kaya.

Na samu Inna tana tace mai a kwalabe. Ban lallaɓa ba, don na san in na lallaɓa ba zan faɗa ba.

"Inna, hukuma ba ta karɓar haraji a hannun wanda ya rasu. Sun ce sai an rufe shagonsa an buɗe da sunana. Kuma sai kin je kotu kin yi rantsuwa."

Ta ci gaba da zubawa har kwalbar ta cika.

"Mai babur ɗin zai daina zuwa?"

"Zai ci gaba da zuwa."

"Wa zai nema?"

"Ni."

Ta rufe kwalbar ta goge bakinta da tsumma. "In ba a yi ba fa?"

"A rufe shagon gaba ɗaya. Da ni da shi ba wanda za a nema."

Hanyar nan ta gindin darbejiya ban faɗa mata ba, kuma ko yau aka sake ba zan faɗa ba.

"To," ta ce. "Allah ya sa haka ya fi alheri."

Mai unguwa ya rubuta nasa ba musu, don a sahun gaba yake ranar jana'izar. A kotu aka kai mu wani ɗan ofis ta baya, wurin magatakarda, wata mata mai tabarau da Inna za ta yi 'ya da ita. Ƙofa a buɗe take, baranda cike da mutane a benci, masu gyaran suna da masu ɓatan takardu. Inna ta saka mayafinta na biki, ta zauna a bakin kujera kamar wadda ke jiran a ce ta tashi.

Magatakardar ta duba takardar ta ce, "Inna, ɗanki na nawa ne?"

Inna ta sunkuyar da kai. Na ce na fari ne.

Matar ta cire tabarau. "Ai na gane. Mu ma tamu haka take yi wa babbanmu. Ba sai kin faɗa ba, Inna. Ni zan karanta, ke ki ce haka ne, ki dangwala yatsa."

Ta karanta mata da Hausa, cewa ita wance ta rantse ita ce mahaifiyar wane ɗan wane, kuma ya rasu a gida a Dutse. Ta ɗago tana jira.

"Ban ji ba," in ji Inna.

Na kalle ta. Matar da take jin tafasar mai daga zaure, take gane babur ɗin ɗan Ringim tun yana kan kwana.

Magatakardar ta ɗaga murya ta sake karantawa tun daga farko.

"Tsakiyar ce ban ji ba, 'yar nan."

Matar ta ajiye takardar a kan tebur. Wannan karon ba karatu ta yi ba, kira ta yi, sunan shi kaɗai, da ƙarfi, tana jan ƙarshensa yadda uwa take kiran ɗanta daga tsakar gida in yana wasa a waje.

Baranda ta yi tsit. Mutanen da ke benci suka fara kallon juna, kowa yana jiran mai sunan ya tashi. Wani tsoho har ya leƙo ya ce ko ya fita ne a duba shi waje. Ni kuwa na danne harshena da haƙori har na ji gishirin jini, don amsar ta riga ta iso maƙogwarona. Inna ta karkata kanta wajen ƙofa. Ta daɗe a haka, ba wanda ya katse ta.

"Haka ne," ta ce. Ta miƙa babban yatsanta.

Sauran aikin bai ja lokaci ba. Na koma wurin ma'aikacin nan a cikin rigata, aka ɗauki hotona, aka ba ni lamba. Ya nuna mini yadda zan riƙa ware kayan da ake ɗora wa harajin da waɗanda ba a ɗora wa, don ranar da ciniki zai kai mizanin. Kamfanin ya canza suna. Ranar da ɗan Ringim ya fara kiran nawa ya tambaye ni ko sayen shagon na yi. Da na gaya masa, ya kashe babur ya zauna a dakali ya ce, "Kana nufin duk zuwan nan da nake yi," bai ƙarasa ba. Shi ma ya koma hon. Tabarmar Inna ta koma inuwar ɗaki.

Na zauna jiran a kira ni. Wata ya mutu, wani ya tsaya, ana ta ajiye mini abinci a ƙofa. Na yi duk abin da na san yana jawo mini zagi. Na bar ƙofa a buɗe awaki suka shigo, na sha ruwa na bar moɗa a ƙasa, na taka mata tabarma da takalmi. Sai ta tashi ta gyara ba ta ce komai ba.

Wata rana bayan azahar haƙurina ya ƙare. Tana zaune ta ba ni baya tana yanka albasa. Na je na tsaya a kanta.

"Inna, ni ba ɗan farinki ba ne. Ba kunya tsakanina da ke. Me na yi aka daina kirana?"

Wuƙar ta tsaya.

"Ba kunya ba ce," ta ce. "In na kira, ban san wanda zai amsa ba."

Amma na riga na fara, kuma ni ba na iya komawa baya.

"Gwada," na ce.

Ta ajiye wuƙar, ta goge hannunta a zani. Ba ta juyo ba, bango take fuskanta. Ta kira sunana, nawa, a hankali, kamar mai saka ƙafa a kududdufin da ba ta san zurfinsa ba.

Ban amsa nan take ba, ban kuma san dalili ba. Ni da ita duka muka tsaya muna sauraro.

"Na'am," na ce.

Ta jawo ɗankwalinta ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara rawa. Da ta samu magana, ba ni take yi wa ba.

"Ashe haka ake ji," ta ce.

Inna ta kira ni sau ba adadi tun ina rarrafe, ta san yadda ake ji in na amsa. Na tsaya a bayanta, ban tambaye ta wa ta ji ya amsa ba.